Wace Waya Kake Son Cirewa?

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni ga wannan rubutu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo gaishe ni, bai gama zama ba ya miƙo mini salularsa, ya ce, "Kawu, dubi wannan." Bidiyon Miniatur Wunderland ne, gidan nan na birnin Hamburg a Jamus wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, inda ƙananan jiragen ƙasa ke kai da kawowa a kan layin dogon da tsawonsa ya haura kilomita 15, duk a cikin gini ɗaya. Yaron ya riga ya tara 'yan kuɗinsa, ya kuma riga ya yanke shawara. Tambayarsa ɗaya ce: wane rimot zai saya don ya tuƙa jirginsa ba tare da waya ba?

Na ce masa, "Wace wayar kake son cirewa?" Sai ya yi shiru.

Wannan tambaya nake so in yi muku, ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, duk wanda wannan sha'awa ta kama. Tun da Hausa ta ba abu biyu suna ɗaya, in na ce waya, ta wuta nake nufi. Ta kira kuwa zan ce salula.

Ku sani tun farko, gidan wannan sha'awa Jamus ne da Ingila da Amurka da Japan. Kamfanin Märklin na garin Göppingen tun 1891 yake ƙera jiragen wasa masu layin dogo, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka kuwa, wato NMRA, an kafa ta a 1935. A can mutum kan shiga shago ya taɓa kaya, ya gwada, sannan ya biya. Kai kuwa daga nesa za ka yi oda, da dala ko yuro, ka jira makonni, in kaya ya iso bai dace ba, mayarwa ta fi saye wuya. Kuskuren da yaron Hamburg zai gyara da yammar ranar, a wurinka tarin shekara guda ne ya tafi. Don haka kai ka fi shi bukatar ka fahimci abin kafin ka taɓa aljihu.

Ƙaramin jirgi abu biyu yake bukata: wutar da za ta juya injinsa, da umarnin da zai gaya masa ya tashi, ya tsaya, ya koma da baya. A tsohon tsari, wanda ake kira DC, abu biyun a haɗe suke. Ƙarafan dogo biyu su ne wayoyin. Wuta ta bi ɗaya, ta hau ƙafafun jirgi, ta ratsa inji, ta sauka ta ɗayan. Ka ƙara ta daga sifili zuwa volt 12, gudu ya ƙaru. Ka juya fuskarta, jirgi ya yi baya. A gaskiya layin kake tuƙawa, domin duk kan jirgin da ka ɗora a kansa tare za su motsa. Mai jirgi ɗaya da ɗan zagaye ɗaya a kan tebur, wannan ya ishe shi, kuma har yau da yawa daga masu ƙananan jirage a Japan da shi suke aiki. In wayar da ke tsakanin hannunka da akwatin wuta ce kawai ta dame ka, maganin mai sauƙi ne. Ƙaramin allon ESP32, wanda ke da WiFi da Bluetooth a jikinsa, da wani allon tuƙa inji irin L298N, sun isa ka riƙa ƙara gudu da ragewa daga salularka. Ba ka buɗe cikin jirgin ba, ba ka canza masa komai ba. Ga mai farawa da ƙaramin ƙarfi, a nan nake so ya fara.

Ranar da ka sami kan jirgi na biyu, lissafi ya canza. Nan ne DCC ya shigo. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya fara tsara shi, a farkon shekarun 1990 kuma NMRA ta ɗauke shi ta mai da shi ƙa'idar da kowane kamfani zai iya bi. A wannan tsari wuta ba ta yankewa daga kan dogo, kullum tana nan wajen volt 12 zuwa 15, amma tana juya fuskarta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma tsawon kowane juyi shi ne saƙon: gajere yana nufin 1, dogo yana nufin 0. A cikin kowane kan jirgi akwai ɗan allo da ake kira dikoda, mai lambarsa ta kansa. Yana sauraron duk saƙon da ya bi ta dogo, amma wanda aka kira lambarsa kaɗai yake amsawa, kamar ɗalibi a aji lokacin kiran suna. Sabon dikoda da lamba 3 yake fitowa daga masana'anta. Ku riƙe wannan, domin wanda ya ɗora sabbin jirage biyu bai canza lambar ɗaya ba zai ga suna tashi tare, ya zaci kayan ne suka lalace.

To yawancin abin da 'yan kasuwa ke kira mara waya, wayar hannu kaɗai suka cire. Akwatin umarni, wato wanda ke aika saƙon zuwa ga dikoda, yana nan a haɗe da dogo, wuta da saƙo suna bi ta ƙarfe yadda suka saba. Rimot ɗin da ke hannunka ne kawai aka sake.

Rimot mai aiki da hasken da ido ba ya gani, irin na talabijin, ba zan daɗe a kansa ba. Yana da araha, amma sai ya hangi abin da yake magana da shi, kuma hasken rana mai ƙarfi yana rikita shi. Ya dace da jirgin wasan ƙananan yara.

Na rediyo ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai akwai tarko a cikinsa wanda mai sayarwa a Amurka ba zai tuna ya gaya maka ba. Kayan Amurka da dama, irin su NCE da AirWire, suna magana ne a zangon megahaz 902 zuwa 928, wanda a can aka bar wa jama'a. A Turai irin wannan zango 868 ne. A ƙasashenmu kuwa wani sashe na zangon 900 na kamfanonin salula ne. Kana iya sayen rimot mai tsada ya zo yana karo da layin kiran unguwarku, ban da maganar doka. Zangon gigahaz 2.4, wanda WiFi da Bluetooth ke amfani da shi, shi ne aka yarda da shi kusan ko'ina a duniya. In za ku saya, ku nemi wannan lamba a jikin kwali. Ku kuma duba wata lambar: wutar Amurka volt 120 ce, ta Japan 100, tamu 230. Ni kaina na taɓa jona akwatin wutar da wani aboki ya kawo mini tsaraba ban karanta jikinsa ba. Ƙara ɗaya na ji da ƙaurin hayaƙi, kuma na daɗe ina jin zafin abin, ba don kuɗin kaɗai ba, don amanar wanda ya ɗauko shi daga nesa. In ba ku ga an rubuta 100–240V ba, kada ku jona sai da taransifomar rage wuta.

Wata hanya da ta yaɗu sosai ita ce salula ta zama rimot ta hanyar WiFi. Kamfanin Roco na Ostiriya yana da akwatin Z21 da aka gina shi a kan wannan. Amma wanda na fi so ku sani shi ne na kyauta. Akwai manhajar JMRI, wadda masu sha'awa suka rubuta da kansu suka bar ta a buɗe, ƙarƙashin jagorancin Bob Jacobsen, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Wannan manhaja ta jiragen wasa har tarihi ta kafa: a 2008, a shari'ar da ta taso a kanta, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tabbatar da cewa sharuɗɗan lasisin manhajar kyauta doka tana kare su. Akwai kuma DCC-EX, wanda da shi allon Arduino Mega da allon tuƙa inji da ɗan allon WiFi ke zama cikakken akwatin umarni, ka sauke manhajar Engine Driver a salularka ta Android ka hau tuƙi. Waɗannan alluna ana samunsu a shagunan kayan lantarki na manyan biranenmu, kuma in ɗaya ya ƙone, shi kaɗai za ka sake.

Dalilin da ya sa nake matsa muku a kan buɗaɗɗen tsari shi ne shekaru. Kan jirgi mai kyau yakan yi shekara talatin yana aiki, har ɗa ya gada daga uba. Manhajar salula kuwa ranta a hannun kamfani yake. Yanzu akwai dikodoji masu Bluetooth a jikinsu, kamar HM7000 na Hornby a Ingila da Blunami na SoundTraxx a Amurka, waɗanda salula ke magana da jirgi kai tsaye, ba sai da akwatin umarni ba. Wuta kawai suke so daga dogo. Abin sha'awa ne ƙwarai, kuma yana rage kuɗin farawa. Amma kafin ka saya ka tambayi kanka: in wata rana manhajar ta daina hawa sabuwar salula, jirgin zai ji wani yare? Waɗannan biyu da na ambata suna jin DCC ma, shi ya sa hankalina ya kwanta da su. Wanda ba ya jin kowa sai manhajar gidansu, ko an rage maka rabin kuɗi ka bar shi. Araha ba ta ado.

Zan kuma faɗa muku gaskiya a kan salula. Gilashi ba ya gaya wa yatsa inda yake. Mai rimot na maɓalli da abin murɗawa idonsa na kan jirgi, yatsunsa na aikinsu. Mai salula dole ya riƙa sunkuyawa yana duba fuskarta, kuma a cikin wannan sunkuyon ne jirage ke gwara kai. Ga kira yana shigowa ana tsakiyar tuƙi. In da hali, ka ware tsohuwar salula mara layi don wannan aiki kaɗai, ka kuma saita maɓallan ƙara murya su zama totur, Engine Driver tana ba da damar haka.

Duk wannan, wuta tana bi ta dogo har yanzu. Kuma a nan ne ƙasarmu take da magana.

Inda ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi bakin allura ba. Ta wannan ɗan wuri wuta da umarni suke wucewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta sa jirgi ya yi tuntuɓe, fitilarsa ta ƙifta, sautinsa ya yanke ya faro daga farko. Turawa ma da suke cikin ɗakuna rufaffu, gogar dogo ita ce kukansu na kullum. Yaya kuma ɗakin da ke Kano ko Damagaram a watan Janairu, lokacin da hunturu ke shimfiɗa ƙura a kan tebur tsakanin hantsi da azahar? Akwai dabaru. Ana goge dogo da tsumma mai laushi da ɗan sifirit, ba da takardar yashi ba, domin ita tana karce ƙarfen ta buɗe wa datti wurin zama. Ana rufe teburin da zane in an gama. Ana kuma saka wa dikoda kafasita mai riƙe wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta tura jirgi ya tsallake wurin da ya yi datti. Duk suna taimakawa. Amma in aka ɗauke wuta, ba abin da zai motsa, sai in kana da sola ko inbata.

Shi ya sa nake so ku dubi hanyar da masu ita ke kira mataccen dogo. A nan an cire dukkan wayoyin. Batir na cikin jirgi ko cikin taragon da ke bin sa, na'urar karɓar saƙon rediyo ma tana ciki, dogo kuwa hanya ce kawai, babu wuta ko ɗigo a jikinsa. Ƙura ba ta tsayar da shi, ɗauke wuta ba ta dame shi ba. Layin da ya zagayo ya koma kan kansa, wanda a tsarin wuta yake haɗa ƙarfe biyu ya sa wuta ta yi shot sai an saka masa na'ura ta musamman, a nan ba ruwanka. Kana ma iya ƙera dogonka da hannunka. Masu manyan jirage na lambu, waɗanda faɗin layinsu milimita 45 ne, sun daɗe da komawa wannan hanya, saboda ruwan sama da ganye da ƙasa suna yi musu abin da ƙura ke yi mana.

Matsalar wuri ce, kuma lissafinta ba ya ƙarya. Ɗauki kan jirgi na gaske mai tsawon mita 20 da faɗin mita 3. A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87, tsawonsa zai zama santimita 23, faɗinsa ƙasa da uku da rabi. A ma'aunin N, 1 cikin 160, tsawo santimita 12 da rabi ne, faɗi bai kai biyu ba. A ma'aunin Z, 1 cikin 220, wanda Märklin ya fito da shi a 1972, tsawon duka santimita 9 ne. Kuma cikin nan ba fili ba ne. Inji da ƙarfen nauyi sun riga sun cinye shi. Batirin 18650 da kuka sani a cikin tocila da fankar caji kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. A N ba ya shiga ko ta yaya. A HO sai ka sadaukar da tarago guda. Gwanaye suna yin mataccen dogo a N da 'yan mitsi-mitsin batura, amma aikin mai gyaran agogo ne, ban ba mai farawa shawarar ya fara daga nan ba.

Ga yadda za ka auna da kanka. Ƙwayar batirin litiyam ɗaya volt 3.7 take bayarwa, injin jirgi kuwa yana son wajen 9 zuwa 12, don haka ko ka jera ƙwayoyi uku, ko ka saka ɗan allon ɗaga wuta. A ce ƙwayarka mai 500mAh ce: ka ninka 3.7 da rabi, ka sami wajen wat 1.85 na awa ɗaya. In jirginka yana shan amfiya 0.15 a kan volt 9, wat 1.35 ke nan. Ka cire abin da allon ɗaga wuta ke ɓatarwa, ka ga tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Kafin ka yarda da wannan lissafi ka sa mita ka auna abin da naka jirgin ke sha, har da lokacin da ka danne shi ƙafafunsa suka tsaya, domin wannan babbar lambar ce dole na'urarka ta iya ɗauka.

Batirin litiyam kuma ba abin wasa ba ne, ko da a cikin abin wasa yake. Ba a caja shi ya wuce volt 4.2, ba a tsotse shi ya sauka ƙasa da 3. Ba a barinsa a caji a fita, ba a barinsa a ɗakin kwano da rana ta Afrilu. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada ku ɗauko shi daga tsohuwar salula don tsimi. Ɗan allon caji na TP4056 da ke ko'ina a kasuwa yawanci an saita shi ne a kan amfiya ɗaya, wanda ya yi wa ƙaramin batir yawa. Sai an canza masa rezisto ɗaya. Ina roƙonku, caji na farko ku yi shi a gaban wanda ya san aikin. Mai gyaran rediyo ko salula na bakin layinku ya fi bidiyo goma amfani a nan, kuma in kun je masa da ladabi, kuka zauna kuka kalli yadda yake riƙe ƙarfen narka dalma, za ku tashi da abin da ya fi jirgin daraja. Kada kuma ku ci bashi don wannan, kada kuɗin makaranta ya shiga ciki. Kan jirgi ɗaya da mita biyu na dogo sun isa a koyi duk abin da na faɗa.

Akwai wata ƙofa da tarihinmu ya buɗe mana, ina mamakin yadda ba a cika kula da ita ba. Layin milimita 16.5 na HO shi ne ya fi kowane samuwa da araha, kuma an lissafa shi ne a kan faɗin milimita 1,435, irin na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Amma tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911 siriri ne, milimita 1,067. Ka raba wannan da 64, sai ka sami kusan 16.5. Ma'ana, in ka ƙera jirgin tsohon layin Legas zuwa Kano a ma'aunin 1 cikin 64, zai hau dogon HO daidai, kuma jikinsa ya fi na HO girma sosai. Mutanen Niyu Zilan, da layinsu faɗinsa ɗaya da namu, haka suke yi. Akwai ma wanda ya fi shi: ƙaramin layin Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos saboda kuza har aka rufe shi a 1957, faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, milimita 762. A ma'aunin 1 cikin 48 shi ma dogon HO yake hawa. Wannan shi ake kira On30, kuma masu mataccen dogo suna ƙaunarsa don batir da na'ura suna zama a cikinsa ba tare da matsi ba. Ka sayi ƙasan tsohon kan jirgin HO mai inji da ƙafafu, gangar jikin kuwa ka ƙera da kanka. Mu da muka tashi muna fafe karan dawa muna yanka gwangwanin madara muna yin mota, wannan ɓangaren ba baƙonmu ba ne.

Abin da na gaya wa ɗan ƙanwata ke nan. Bai sayi rimot ɗin ba. Ya yi odar kan jirgin HO guda na hannu da ɗan zagayen dogo, ya sayo ESP32 da mita a kasuwa, saura ya ajiye. Makon jiya ya dawo da takarda a hannu, ya zana tarago irin na layin Zariya zuwa Jos, ya auna cikinsa da rula: santimita huɗu a faɗi, goma sha biyu a tsawo. Ya ɗora 18650 a kan zanen, ya shiga har da sauran wuri. Tambayar da ya zo da ita wannan karon ita ce inda zai huda ƙofar caji ta yadda ba sai ya cire rufin taragon ba, muka zauna muna juya takardar har aka kira magariba.